Tsakanin Kamu da Kotu, Inda Binciken Almundahana Ke Mutuwa

A makon jiya na shiga kasuwar Mile 12 yin cefane, sai na ratsa layin 'yan albasa domin in gaida wani dattijo mutumin Aliero, abokin marigayi mahaifina, wanda ya haura shekara 30 yana neman abinci a nan Legas. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, kai da kake bin labarai, ina aka kwana a maganar mutumin nan da ya ci kuɗinmu?"

Na san maganar tun daga tushenta. Kimanin shekara biyu da suka wuce wani mutum ya riƙa zagaya su da katin shaida rataye a wuya da damin fom a hannu, yana cewa an turo shi ne ya rubuta sunayen ƙananan 'yan kasuwa da za a ba tallafin gwamnati. Ya karɓi lambar NIN da lambar asusun banki na kowa, ya kuma karɓi naira 2,000 a kan kowane fom. Babu wanda ya ga alat. Daga baya wani yaro mai wayo a cikinsu ya gano cewa an sa sunayen wasu a jerin waɗanda aka ce an biya, abin da ke nuna cewa mutumin yana da hannun wani a ciki. Suka kai ƙara wani ofishin bincike da ba zan ambaci sunansa ba, aka kama shi, aka kira su aka ɗauki bayaninsu a rubuce. Sau uku Baba yana rufe rumfarsa ya biya kuɗin mota ya wuni a cunkoso domin amsa kira. Daga nan shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Watannin baya wani ya hangi mutumin a Ketu yana tuƙa mota.

Na ce, "Baba, ba a kai shi kotu ba ke nan." Ya ce, "To wa ya ce a sake shi, kuma a kan wane dalili?" Na dawo gida wannan tambaya tana cina, domin na lura cewa babu wani ofishi da doka ta ɗora wa nauyin ya ba dattijon nan amsarta.

Ra'ayina shi ne, abin da ya fi kashe binciken zamba da rashin ɗa'a a shirye-shiryen gwamnati a ƙasar nan shi ne rashin mai sa ido a kan fayil, daga ranar da aka buɗe shi zuwa ranar da aka kai shi gaban alƙali ko aka rufe shi. Ya kamata a wajabta cewa kada wani fayil ya rufu ko ya kwana a durowa fiye da wa'adin da aka tsayar, sai da dalili a rubuce, da sa hannun wanda ya yanke shawarar, da kuma amincewar wasu mutane daga wajen hukumar waɗanda shugabanta ba shi ya zaɓe su ba.

Hukumomi ba su yi mana kaɗan ba

An kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC a shekarar 2000, takwararta EFCC ta fara aiki a 2003. 'Yan sanda suna da sashen binciken zamba na musamman a titin Milverton da ke Ikoyi, ga ofishin binciken manyan laifuka a Alagbon. Akwai Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, wanda sashe na 85 na kundin tsarin mulki ya kafa ofishinsa, akwai kwamitocin majalisa da sashe na 88 ya ba ikon bincike. Jihar Legas ma ta yi dokar kafa tata hukumar a 2021. Duk wanda ya ce a ƙara wata sabuwar hukuma mai sabon tambari da sababbin motoci, bai kalli inda jirgin yake yoyo ba.

Kamu kuwa mun iya shi. Abin da ba mu iya ba shi ne aikin da ke biyo bayan kamu, wanda ba a ɗaukar hotonsa, ba a kuma yin taron manema labarai a kansa.

Abin da nake nufi da sa ido

Binciken zambar shirin gwamnati aikin takardu ne kafin ya zama aikin ankwa. Mai bincike yana buƙatar jerin sunayen waɗanda aka ce an biya, da takardar amincewa da fitar da kuɗin, da bayanan asusun da kuɗin suka shiga, da sunan jami'in da ya sa hannu a kowane mataki. Sai ya zaɓi wasu daga cikin sunayen ya bi su ƙafa da ƙafa ya tambaye su ko sun karɓa. Idan kwangila ce, sai ya je wurin ya gani da idonsa ko rijiyar burtsatsen tana nan, ko ajin da aka ce an gina yana da rufi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai wuri ne da za a iya karkatar da bincike ba tare da an faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Ya isa kawai a ƙi rubuta wa banki, ko a rubuta a makare bayan an kwashe kuɗin, ko a tsaya a kan ɗan aike a ƙi hawa bene zuwa wurin wanda ya aike shi.

A nan aikin shugaban masu bincike yake. Shi ne ya kamata ya zauna da fayil a lokutan da aka tsayar, ya tambayi ƙaramin jami'i me ya yi tun zaman da ya gabata, me ya rage, wa bai kira ba kuma me ya hana. Shi ne zai tabbatar an rubuta kowane kayan shaida a rajista, da sunan wanda ya karɓa da wanda ya miƙa, ta yadda waya ko kwamfuta ko kuɗin da aka kama ba za su canza kama a ɗakin ajiya ba. Shi ne zai kira lauya mai gabatar da ƙara tun da wuri, domin lauya ya faɗi irin hujjar da kotu za ta karɓa kafin shaidu su watse. Kuma shi ne zai raba jami'i da fayil idan ya gano akwai dangantaka ko abota ko bashi tsakaninsa da wanda ake bincika.

Mutumin da ya taɓa riƙe kanti ya san wannan tsari ko da bai san sunansa ba. Dillalin da ke sauke tirelar albasa daga Arewa ba ya barin yaron da ya ƙirga buhuna ya zama shi ne kuma mai karɓar kuɗi, shi ne mai rubuta littafi. Yana raba aikin ne ba don ya tsani yaron ba, sai don ya san abin da keɓewa da dukiya ke yi wa zuciya. Abin mamaki, wannan hikimar da ake amfani da ita a kan buhun albasa ita ce muke jin nauyin amfani da ita a kan biliyoyin naira.

Sai dai shi ma shugaban masu binciken mutum ne, yana da maigida a sama da shi, kuma maigidan yana da wanda ya naɗa shi. Saboda haka sa idon cikin gida, komai kyansa, ba ya wadatarwa.

Mai dokar barci

Mazauna Legas ba za su manta da watan Janairun 2012 ba, lokacin da jama'a suka cika dandalin Ojota kwana da kwanaki saboda cire tallafin man fetur. Wannan zanga-zanga ce ta sa Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken kuɗin tallafin, ƙarƙashin Farouk Lawan. Ba a jima ba maganar ta juya, aka zarge shi da karɓar dala 500,000 daga hannun ɗan kasuwa Femi Otedola domin a cire sunan kamfaninsa daga jerin waɗanda ake zargi. Sai a 2021 kotu ta same shi da laifi, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɗaurin shekara biyar a watan Janairun 2024. Asarar da aka yi ta wuce ta mutuncin mutum guda, domin rahoton da ya ƙunshi abubuwa masu nauyi ya rasa ƙarfinsa tun daga ranar da aka fara maganar dala, kuma waɗanda rahoton ya taɓa sun sami abin fakewa.

Abdulrasheed Maina kuma an ɗauko shi ne a 2010 ya jagoranci kwamitin tsabtace harkar fansho, wato ya gano 'yan fanshon bogi ya toshe kafar da kuɗin tsofaffi ke zurarewa. Ƙarshenta shi aka nema ruwa a jallo. Ya gudu, ya dawo aikin gwamnati a ɓoye a 2017 har da muƙamin darakta, aka gurfanar da shi, ya tsallake beli ya sake gudu aka kamo shi a Jamhuriyar Nijar, sannan a watan Nuwamban 2021 aka yanke masa ɗaurin shekara takwas. An ba kura ajiyar nama, kuma tsawon lokacin da take ajiyar babu wanda aka ɗora wa aikin ya leƙa ya ƙirga tsoka.

A watan Janairun 2025 EFCC da kanta ta sanar cewa ta kori jami'anta 27 a shekarar 2024 saboda zamba da rashin ɗa'a, ta kuma tsare wasu 10 na reshenta na Legas kan ɓacewar kayan da ke hannun hukumar. Na yaba da fitowa fili da ta yi, domin rufa-rufa ta fi sauƙi. Amma sanarwar ta tabbatar da abin da nake faɗa, cewa jami'in bincike yana zaune ne a kan hanyar kuɗi, kuma wanda ake bincika yana da abin da zai saya shiru da shi.

Masu cewa sa ido ƙofar katsalandan ce

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a kan ra'ayina ita ce, duk wanda ka ba ikon duba fayil ka ba shi ikon kashe fayil. A ƙasar da babban mutum ke ɗaga waya magana ta mutu, in ji su, gara a bar masu bincike su yi aikinsu ba tare da ƙarin hannuwa ba.

Ban raina wannan tsoro ba, amma yana ɗauka ne cewa a yau masu binciken suna da 'yanci, alhali hannun yana nan, ba a dai ganinsa. Dokar EFCC ta ba shugaban ƙasa damar cire shugaban hukumar idan ya gamsu cewa zamansa bai dace da maslahar hukumar ko ta jama'a ba, ba tare da ya koma majalisa ba. Tarihin kujerar kuwa ya isa shaida. An ɗauke Nuhu Ribadu a ƙarshen 2007 da sunan tura shi kwas a cibiyar horar da manyan jami'ai da ke Kuru. An sauke Farida Waziri a 2011. Ibrahim Magu ya yi shekaru yana riƙon ƙwarya bayan Majalisar Dattawa ta ƙi tabbatar da shi har sau biyu, aka dakatar da shi a watan Yulin 2020, kwamitin Mai Shari'a Ayo Salami ya zauna a kansa, ba a fitar wa jama'a rahoton ba, daga baya ma aka yi masa ƙarin girma a aikin ɗan sanda. An dakatar da Abdulrasheed Bawa a watan Yunin 2023, ya shafe watanni a tsare, aka sake shi ba tare da an gurfanar da shi ba. Ko mutanen nan suna da laifi ko ba su da shi, hanyar da aka bi ta bar kowa cikin duhu, kuma duk wanda ya gaje kujerar ya karanta darasin.

Haka nan sashe na 174 na kundin tsarin mulki ya ba Antoni Janar na Tarayya ikon shigar da ƙara, da karɓe ƙarar da wani ya shigar, da janye ta kafin a yanke hukunci. Mutumin da ke riƙe da wannan iko shi ne kuma Ministan Shari'a, wanda shugaban ƙasa ya naɗa, yake zama a majalisar ministoci tare da waɗanda ake binciken ma'aikatunsu. Ƙasar Kenya ta raba waɗannan ayyuka biyu a kundin tsarin mulkinta na 2010, ta ba babban mai gabatar da ƙara ofishi mai zaman kansa. Mu muna ta maganar raba su shekara da shekaru.

Abin da nake nema shi ne a fito da hannun nan fili a sa shi ya sa hannu. A Hong Kong, inda aka kafa hukumar yaƙi da cin hanci a 1974 bayan rashawa ta yi wa 'yan sanda katutu, akwai wani kwamiti da ya ƙunshi mutanen gari waɗanda ba ma'aikatan hukumar ba, kuma idan masu bincike suka ga babu abin ci gaba da shi a wani fayil, sai sun kawo shi gaban kwamitin ya amince kafin a rufe. Kwamitin ba ya kama kowa, ba ya gurfanar da kowa. Ƙarfinsa yana cikin tambayar da yake yi, kuma jami'in da ya san za a tambaye shi dalili a gaban baƙi yakan yi tunani kafin ya amsa wayar da ke cewa ya sassauta.

Irin wannan kwamiti a wurinmu zai yi amfani ne kawai idan ba mutum ɗaya ke cika kujerunsa ba. Ƙungiyar lauyoyi ta kawo nata, ƙungiyar akantoci ta kawo nata, ɓangaren shari'a ya kawo alƙalin da ya yi ritaya, a ba su wa'adi guda wanda ba a sabuntawa, a kuma kare su daga kora irin yadda dokar ICPC ta kare shugabanta, wanda ba a cire shi sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa.

Masu cewa ai kotu tana nan

Wasu za su ce alƙali shi ne mai sa ido na gaskiya, kuma duk binciken da aka yi ba daidai ba zai tonu a gabansa. Gaskiya ne a kan fayil ɗin da ya isa kotu. Fayil irin na su Baba, wanda ya mutu a hanya, babu alƙalin da zai taɓa jin labarinsa. Kotu ba ta fita farauta, abin da aka kawo mata shi take yanka.

Ko wanda ya isa ɗin ma, sau da yawa a gurguje ko a raunane yake isa. A 2017 aka dakatar da Sakataren Gwamnatin Tarayya Babachir Lawal, daga baya aka kore shi, kan kwangilar cire ciyawa a shirin tallafa wa yankin Arewa maso Gabas da rikici ya ɗaiɗaita. A watan Nuwamban 2022 kotu ta sallame shi ba tare da ta ma nemi ya kare kansa ba, domin ta ce masu gabatar da ƙara ba su kawo abin da zai sa ya yi hakan ba. Abu biyu ne kaɗai ke iya haifar da wannan: ko dai an ja mutumin da ba shi da laifi shekara biyar a bainar jama'a, ko kuma an kai ƙara ba tare da an kammala aikin gida ba. Kowanne daga ciki gazawar sa ido ce, kuma ban ji an kira wani jami'i an tambaye shi ba.

Na fi jin zafin labarin John Yusuf, jami'in ofishin fanshon 'yan sanda wanda ya amsa laifinsa a 2013 a shari'ar da ta shafi biliyoyin naira, aka ba shi zaɓin biyan tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida. An ɗora wa alƙali laifin, kuma yana da nasa kason, amma ai wani ne ya zaɓi sashen dokar da aka tuhume shi da shi, wani ne ya amince da yarjejeniyar amsa laifin. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida tare da biyan naira biliyan 22.9. Da akwai wanda ke duba irin wannan yarjejeniya kafin a shiga kotu da ita, da ba a ɓata shekara biyar ana gyaran ɓarnar rana ɗaya ba.

Maganar sirri

Akwai kuma masu cewa bincike sirri ne, idan aka buɗe shi ɓarawo zai ɓoye sawunsa. Na yarda da wannan ƙwarai, kuma shi ya sa nake mamakin yadda muke juya abin. Sunan wanda ake zargi da hotonsa riƙe da allo su ne ke fara fita, tun kafin a gurfanar da shi, alhali sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ce ba shi da laifi har sai an tabbatar. Abin da ake ɓoyewa kuma shi ne ƙarshen labarin, wanda shi ne haƙƙin jama'a.

A watan Janairun 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu kan batun tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum, aka dakatar da shugabar hukumar da ke kula da shirye-shiryen tallafi, sannan aka tsayar da shirye-shiryen kansu, har da N-Power da ciyar da 'yan makaranta da raba kuɗi ga gidajen marasa ƙarfi. A watan Oktoban 2024 aka naɗa sabon minista ba tare da an ɗora cikakken sakamakon binciken a gaban jama'a ba. Ba na yanke wa kowa hukunci, domin ba kotu ce ni ba. Abin da na gani shi ne, hukuncin da ya fara aiki nan take ya sauka ne a kan yaron da ke jiran abincin rana a makaranta da matar da ke dafa shi.

Babu sirrin da zai tonu idan kowace hukumar bincike ta riƙa buga ƙididdiga duk bayan wata shida: ƙorafi nawa ta karɓa a kan shirye-shiryen gwamnati, nawa ta buɗe wa fayil, nawa suka haura shekara ɗaya ba motsi, nawa aka rufe kuma a kan wane irin dalili. EFCC ta ce ta sami nasarar hukunta mutum 4,111 a 2024, adadi ne babba, amma ba a rarrabe mana shi ta yadda za mu san nawa ne 'yan damfarar intanet, nawa ne kuma daraktocin da suka sa hannu a takardar biyan kuɗin aikin da ba a yi ba. Hukumar da ake auna ta da yawan kamu kawai za ta bi kifin da ya fi sauƙin shiga koma.

Shi ma wanda ake zargi yana da haƙƙi

Kada wani ya ɗauka sa ido don a tsananta ne kaɗai. Rabin amfaninsa kare mutumin da aka kama ne, musamman ƙaramin ma'aikaci ko wakilin unguwa wanda ba shi da babban lauya. Kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma a Legas babu unguwar da ta rasa wannan. Dokar shari'ar laifuka ta jihar Legas, tun ta 2007, ta ce a ɗauki bidiyon iƙirarin laifi ko a yi shi a gaban lauya, ta tarayya ta 2015 ma ta zo da irin wannan tanadi, har ta ce majistare ya riƙa ziyartar wuraren tsare mutane kowane wata. Mu da muke zaune a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago mun san yadda ɗan'uwanmu da ba ya jin Turanci sosai ke dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Shugaban masu bincike da ya bar hakan ta faru ya zalunci mutum, ya kuma lalata shari'ar da hannunsa, domin lauya mai wayo zai rusa wannan iƙirari a kotu, babban ɓarawon da ke bayansa ya sha.

Kuɗin wani sabon kwamiti

Hujjar ƙarshe ita ce wadda na fi jin nauyin amsawa, wato kowane kwamiti a ƙasar nan yakan zama wata sabuwar kafar alawus. Ba zan musa ba. ICPC tana da rassan yaƙi da rashawa a cikin ma'aikatu, amma ma'aikatan ma'aikatar ne ke cika su, kuma ƙarin girmansu yana hannun mutanen da ya kamata su sa wa ido. Amurka ta bi wata hanya tun da dokarta ta 1978, inda ta sa Sufeto Janar a cikin manyan ma'aikatu, da masu bincikensa da akantocinsa, yana kai rahoto ga majalisa sau biyu a shekara, kuma ministan da yake zaune a ma'aikatarsa ba ya iya korarsa. Duk da haka a watan Janairun 2025 shugaba Donald Trump ya sallami fiye da goma sha biyar daga cikinsu a dare ɗaya. Babu tsarin da ba ya karyewa idan mai ƙarfi ya ƙudiri aniya. Bambancin kawai shi ne, can an ji ƙarar karyewar, an san sunayen waɗanda aka kora da ranar da aka kore su.

Mu ma a tarihin da muka gada wannan ba baƙon abu ba ne. Sayyidina Umar yakan rubuta dukiyar gwamna ranar da ya naɗa shi, yana kuma da Muhammad bin Maslama wanda yake aikawa ya binciki gwamnoni idan talakawa sun kawo kuka, kuma sakamakon ba ya kwana a durowa. Abin da nake nema bai kai wannan tsanani ba. Rajista ce, da wa'adi, da sa hannu, da mutum bakwai ko tara da za su zauna sau ɗaya a wata, da wasiƙa guda da za a aika wa wanda ya kai ƙara a gaya masa matsayin ƙararsa. Kuɗin wannan duka bai kai na motocin rakiyar babban jami'i ɗaya ba.

Shekaranjiya na koma kasuwar da takarda da biro. Na rubuta wa su Baba wasiƙa a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, duk da na gaya masa cewa dokar ta bar musu ƙofar cewa bincike bai ƙare ba. Mutum shida suka sa hannu, biyu suka ce sun haƙura sun bar wa Allah. Baba ya ciro kwafin bayanin da ya bayar daga cikin wata tsohuwar leda da yake ajiyewa a ƙarƙashin benci, ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, kai za ka kai, ka kuma tabbata sun buga maka hatimi a kwafinmu. Ni ba zan ƙara rufe rumfa ba sai ranar da suka ce in zo kotu."